DARASI GA MASU REWAYA DA DIREBOBI: Haɗa Wayar Agogon Inji da ta Maleji da Baƙuwar Ƙwaƙwalwar Mota

GABATARWA

Garin Sheda yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lokoja, gaba kaɗan da Gwagwalada, cikin yankin Kwali na Babban Birnin Tarayya. A nan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, da kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Dare da rana motocin haya da manyan motocin kaya suna wucewa ta gaban waɗannan cibiyoyi, tsakanin Arewa da Kudu. Da yawa daga cikin motocin nan suna ɗauke da wani ɗan akwatin lantarki wanda ba su zo da shi daga masana'anta ba, aikinsa kuwa tun daga farko har ƙarshe lissafi ne.

Kowace motar zamani tana da akwatin da ke sarrafa injinta, wanda makanikai ke kira birenbos, watau ƙwaƙwalwar mota. Wadda aka ƙara daga baya, ita ce a cikin wannan darasi za a riƙa kira baƙuwar ƙwaƙwalwa. Abubuwa biyu ne suka yawaita irinta a Nijeriya. Na farko, a ranar 1 ga Fabrairu, 2017, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Na biyu, bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta ƙaddamar da shirin juya motoci su koma amfani da matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG. Akwai kuma na uku, ko da yake bai kai waɗancan yawa ba, watau a cire ƙwaƙwalwar asali gaba ɗaya a sa wata, musamman in an canja wa mota inji.

Baƙuwar ƙwaƙwalwa ba ta ganin inji, ba ta kuma ganin hanya. Abin da waya ta gaya mata, shi kaɗai ta sani. In an ba ta labarin ƙarya, da shi za ta yi aiki, alhali kuwa akwai rayuka a cikin motar. Saboda haka ya wajaba mai rewaya ya san saƙonni biyu da take dogara da su: na juyin inji da na gudun mota.

KASHI NA ƊAYA: MENE NE SAƘON?

Agogo biyu ne manya a gaban direba. Ɗaya shi ne maleji, mai nuna kilomita nawa mota ke ci a awa ɗaya. Ɗayan kuwa agogon inji ne, mai nuna sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya. In allurarsa tana kan 3, inji yana juyi 3,000 ke nan a minti.

A da, maleji ba ya bukatar lantarki. Motar Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, tana da wata igiyar ƙarfe da ta taso daga akwatin giya zuwa bayan maleji. Igiyar tana juya maganaɗisu, shi kuma yana jan wani ɗan kofin alminiyam da ke ɗauke da allura. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1902. A motocin yanzu waya ta maye gurbin igiya, abin da ke bi ta cikinta kuwa shi ne bugu.

Bugu shi ne lantarki ya tashi ya sauka sau ɗaya, kamar bugun jini a wuyan hannu. Likita yana ƙidaya bugun jini a minti don ya san lafiyar zuciya, haka nan ƙwaƙwalwar mota take ƙidaya bugun lantarki. Amma ƙidayar ba ta da amfani sai an gaya mata bugu nawa ne daidai da juyi ɗaya na inji, bugu nawa ne kuma daidai da kilomita ɗaya ta hanya. Tambayoyi uku ke nan a gaban mai aiki: wace waya ce, wane irin bugu take ɗauke da shi, guda nawa ne kuma.

KASHI NA BIYU: SAƘON JUYIN INJI

A injin fetur na mota, kowace silinda tana samun wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu. Saboda haka inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi 2 a juyi ɗaya, mai 6 yana ba da 3, mai 8 kuwa 4. Inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti yana ba da bugu 6,000 ke nan, watau 100 a daƙiƙa.

Ana iya samun wannan saƙo a wurare huɗu.

1. Jikin kwayil. A tsofaffin motoci masu kwayil ɗaya, ana ɗaukarsa a ƙafar kwayil mai alamar ragi, wadda a tsarin Jamusawa take da lamba 1. Mai lamba 15 ita ce wutar makulli. Haɗarin wannan wuri shi ne, duk lokacin da kwayil ya saki wuta, ƙarfin lantarki a ƙafar yakan yi tsalle zuwa bolt 300 ko 400, ko da yake batir bolt 12 ne. Ƙofar ƙwaƙwalwar da aka gina don bolt 5 za ta ƙone nan take. Sai takardar na'urar ta faɗa a fili cewa ƙofar tana jure wa kwayil, sa'an nan a haɗa.

2. Wayar umurnin kwayil. A motocin da kowane filogi ke da kwayil nasa, akan sami siririyar waya da ƙwaƙwalwar asali ke aika wa kwayil umurni ta cikinta. Bugunta mai sauƙi ne, amma sau ɗaya tak yake zuwa a juyi biyu, domin silinda ɗaya yake yi wa aiki.

3. Ma'aunin juyi da ke gindin inji. Wannan yana kallon wani faifai mai haƙora da ke juyawa tare da inji. Tsarin kamfanin Bosch yana da gurbin haƙora 60 an cire 2, na Ford kuwa 36 an cire 1. Giɓin shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda fistin yake.

4. Wayar nozul. Waɗansu na'urorin gas suna lissafa juyin inji daga bugun nozul na fetur, ba sa bukatar wata waya dabam.

Ga misali. A ce mai tasi da ke jigila tsakanin Gwagwalada da Kwali ya kai motarsa mai silinda 4 an sa mata gas. Motar tana da kwayil huɗu. Mai rewaya ya ɗauki saƙo daga kwayil ɗaya, amma ya bar na'urar a kan lissafin bugu 2 a juyi ɗaya. Inji yana tsaye yana juyi 800, kwayil ɗin yana ba da bugu 400 a minti, na'urar ta raba da 2 ta sami 200. A ganinta injin yana gab da mutuwa, sai ta rufe gas. Mai motar zai yi ta zargin tukunya ko gidan mai, alhali lamba ɗaya ce ba a gyara ba. Haka kuma inji mai silinda 6 da aka bari a kan lissafin mai 4, in yana juyi 3,000 sai na'urar ta karanta 4,500.

Dalilin da ya sa na'urar gas ta damu da wannan saƙo babba ne. Ana cika tukunyar gas da matsin da ya kai ba 200, kusan ninki 90 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Ƙa'ida ta 110 ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan motocin gas ta tanadi cewa bawul ɗin tukunya ya rufe da kansa da zarar inji ya mutu, ko da makulli yana kunne. Ta hanyar saƙon juyi ne na'urar take sanin inji ya mutu. Mai rewayar da ya kasa samun saƙon, ya ɗauki wutar makulli kai tsaye ya ba bawul don ya huce takaici, ya kashe mai gadin motar ke nan. Ranar da aka yi karo bututu ya tsage, gas zai ci gaba da kwarara.

Wanda ya cire ƙwaƙwalwar asali gaba ɗaya kuwa ya sani, a motoci da yawa ita ce ke ba agogon inji saƙo. Dole sabuwar ta kasance tana da ƙofar fitar da shi, a kuma daidaita yawan bugunsa. Tsohon agogon da ya saba da tsallen kwayil sau da yawa ba ya motsi da bugu mai sauƙi, sai an sa masa ɗan abin ƙara ƙarfi a tsakani.

KASHI NA UKU: IRE-IREN MA'AUNI

Ma'aunan juyi da na gudu, waɗanda makanikai ke kira sansa, iri biyu ne suka fi yawa, kuma ba a haɗa su iri ɗaya.

Na farko mai maganaɗisu ne, yana da waya biyu, wani lokaci da ta uku wadda sulke ce kawai. Ba ya bukatar wuta, shi ke haifar da tasa sa'ad da haƙori ya gilma ta gabansa, bisa ga abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a shekarar 1831. Lantarkinsa yana kai da komowa, rauni gare shi in juyi kaɗan ne, yana ƙaruwa in juyi ya ƙaru. In aka juya wayoyinsa biyu, ta dama ta koma hagu, inji yana iya tashi amma lokacin wutarsa ya goce.

Na biyu yana da waya uku: ta wuta mai bolt 5 ko 12, ta jikin mota, da ta saƙo. Yana aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a shekarar 1879. Bugunsa tsaf yake, ko a kunne ko a kashe, ƙarfinsa ɗaya ne komai gudun inji. Da yawa daga cikin irinsa ba sa iya ɗaga wuta da kansu, jan ta ƙasa kawai suke yi. Muddin yana haɗe da ƙwaƙwalwar asali, ita ke ɗaga masa. In an raba su, sai an sa ƙaramin resisto tsakanin wayar saƙo da ta wuta, ko a kunna na cikin baƙuwar ƙwaƙwalwa. Amma kada a kunna shi in na asali yana nan.

Hanyar rarrabe su da mita ba ta da wuya. A ɗaga tayar da ke jan mota a tokare da kyau, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a juya tayar a hankali da hannu. In ma'aunin gudu mai waya uku ne, za a ga mita tana hawa tana sauka tsakanin sifiri da bolt 5 ko 12.

KASHI NA HUƊU: SAƘON GUDU

Ma'aunin gudu galibi yana jikin akwatin giya, a gurbin da igiyar maleji take a da. Motocin Japan da yawa sun gaji tsohon lissafin igiya, watau juyi 637 a kilomita ɗaya. In ma'aunin yana ba da bugu 4 a juyi, bugu 2,548 ke nan a kilomita. Waɗansu suna ba da 8 a juyi, watau 5,096. Motocin Turai da na Amurka suna da nasu lissafin, saboda haka kada a ɗauki lambar wata mota a ɗora wa wata.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ba motocin haya, tasi da bas, kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Tanka da tirela kuwa 45, da 50, da 60. A ce bas ce mai bugu 2,548, an taƙaita ta a kan 90, amma an rubuta wa na'urar 5,096. Na'urar za ta riƙa ganin rabin gudun gaskiya, ba za ta sa baki ba sai bas ta kai 180. Direba yana da takardar shaida a aljihu, amma babu abin da ke riƙe motarsa. In kuwa aka yi kuskuren ta ɗaya gefen, na'urar za ta rage mai a kan 45, wataƙila daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela.

Taya ma tana shiga lissafin. Faɗin da'irar taya mai lamba 195/65 R15 milimita 634 ne da ɗoriya, na 205/70 R15 kuwa 668. Bambancin ya haura kashi 5 cikin 100. Wanda ya sa manyan, in malejinsa ya nuna 90, to yana kusa da 95. Saboda haka duk wanda ya canja girman taya sai ya koma a sake daidaita masa na'ura. Kada a raina ƙarin gudu, domin nisan da birki ke bukata yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ya ƙaru. Motar da ke kan 120 tana bukatar kusan kashi 78 cikin 100 na ƙarin fili a kan wadda ke kan 90.

Abubuwa biyu ne aka hana a nan. Kada a yanke wayar gudu a karkatar da ita, reshe ake ɗauka daga jikinta, domin maleji da akwatin giya mai canja kansa duk da ita suke aiki. Kada kuma a taɓa wayoyin ma'aunan birki na ABS da ke jikin tayoyi, domin nauyi kaɗan a kansu yana iya rikita birkin.

KASHI NA BIYAR: MOTOCIN DA BA SU DA WAYAR

A motoci da yawa na baya-bayan nan, mai rewaya zai nemi wayar gudu ko ta agogon inji ya rasa. Dalili shi ne akwatunan motar suna aika wa juna labari a matsayin lambobi ta cikin tagwayen waya da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a shekarar 1986. Ana samunsa a soket ɗin gwaji mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta wannan soket a shekarar 1996, ta kuma wajabta tsarin CAN a cikinsa daga 2008. Ƙafa ta 6 da ta 14 su ne na CAN, ta 16 wutar batir, ta 4 da ta 5 kuwa jikin mota. In an cire kan batir aka auna tsakanin 6 da 14, lafiyayyen tsari yakan nuna om 60.

Ba a ƙidaya bugu a waɗannan wayoyi. Ko dai baƙuwar ƙwaƙwalwar ta san harshen motar, ko a sa ɗan akwatin tafinta da ke karanta lambobin ya mai da su bugu. Haɗin banza a nan yana iya kashe maleji, da giya, da birki a lokaci guda.

KASHI NA SHIDA: TSARIN AIKI

1. A nemo taswirar wayoyin motar da takardar na'urar. Launin waya ba hujja ba ne, domin yana canjawa daga shekara zuwa shekara.
2. A auna da mita kafin a fere kowace waya. Fitilar gwaji mai ƙwai tana jan wuta da yawa, tana iya ƙona ƙwaƙwalwa. Wayoyi masu rawayan soket na jakar iska ne, ba a kusantar su.
3. A cire kan batir na ragi kafin a fara haɗi.
4. A like haɗi da dalma ko a matse shi da maƙalar da ta dace, sa'an nan a rufe da roba mai tsukewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgiza da ruwan damina.
5. A nesanta wayar saƙo da wayoyin filogi, da kwayil, da altaneta, da salansa. Ga ma'auni mai maganaɗisu a yi amfani da waya mai sulke, a haɗa sulken da jiki a gefe ɗaya kawai.
6. A ɗaure wayar jiki ta na'urar a inda takarda ta ce, a kan ƙarfe mai tsabta, a kuma sa fis a wayar wuta kusa da batir.
7. A shigar da yawan silinda, da irin kwayil, da yawan bugu.

KASHI NA BAKWAI: GWAJI

Aiki bai ƙare ba sai an gwada. Bayan inji ya yi ɗumi, juyinsa a tsaye yakan kasance tsakanin 700 da 900. A kwatanta abin da na'urar ke karantawa a kwamfuta da agogon motar, a tsaye da kuma a kan 2,000 da 3,000. In ya zo rabi ko ninki, lissafin bugu ne bai yi daidai ba. In lambar tana tsalle-tsalle, hayaniyar lantarki ce ko wayar jiki ba ta kama ba. Ga motar gas, a bar makulli a kunne a sa inji ya mutu, a saurara: cikin ɗan lokaci kaɗan dole a ji bawul ya rufe.

Gwajin gudu mutum biyu ke yinsa, direba da mai duba, a miƙaƙƙen wuri da rana, lokacin da hanya ba ta cika ba. Motar da ke kan 60 tana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 60, wadda ke kan 90 kuwa a daƙiƙa 40. Wayar hannu mai nuna gudu ta tauraron ɗan Adam tana taimakawa, amma a hannun mai duba. A tuna masana'antu sukan sa maleji ya ɗan ɗara gudun gaskiya.

JAN HANKALI

Ana shawartar masu motoci su kai aikin gas da na taƙaita gudu wuraren da hukuma ta amince da su kawai, su kuma nemi a yi gwaje-gwajen nan a gabansu. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyarta haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Araha ba ta ado. Direban da ya ga allurar maleji ta kwanta, ko motarsa tana komawa fetur ba dalili, ya koma wurin wanda ya yi aikin tun kafin ya ɗauki fasinja. Cire wayar na'urar taƙaita gudu don a ƙure maleji karya doka ne, kuma wasa ne da rayukan jama'a.

TAMBAYOYI

1. Inji mai silinda 6 da kwayil ɗaya yana juyi 2,000 a minti. Bugu nawa yake bayarwa a minti?
2. Me ya sa ba a haɗa ƙafar kwayil mai lamba 1 da ƙofar bolt 5?
3. Faɗi bambanci biyu tsakanin ma'auni mai waya biyu da mai waya uku.
4. Bas ta ci kilomita ɗaya a daƙiƙa 36, malejinta yana nuna 90. Nawa ne gudunta na gaskiya, me kuma ya kamata a fara dubawa?
5. Wane gwaji ne ke tabbatar da cewa bawul ɗin gas yana rufewa in inji ya mutu?